Hutun Kirsimeti a arewacin Finlan: daga Oulu zuwa Rovaniemi

Shirin musayar ɗalibai ne ya kai ni Jami'ar Oulu, a arewacin ƙasar Finlan, domin yin zangon karatu biyu. Na sauka a ƙarshen watan Agusta, lokacin da ganye yake shar kuma rana ba ta faɗuwa sai dare ya yi nisa. Kowa ya yi ta ja mini kunne a kan sanyi tun kafin in taso, shi ya sa akwatina ya cika da rigunan sanyi. Babu wanda ya ce mini komai game da duhu, balle game da yadda gari yake zama idan an ba da hutu.

Sanyin Oulu gaskiya ne, amma an daɗe da shawo kansa. Gidaje suna da tagogi masu gilashi ninki uku, ruwan zafi yana zagayawa cikin bututu daga tashar da ke ɗumama unguwanni, kana zaune a ɗaki da riga ɗaya alhali a waje ana digiri 20 ƙasa da sifili. A wuraren ajiye motoci akwai 'yan sanduna masu soket, mai mota ya jona waya domin injin ya ɗan yi ɗumi kafin ya tayar da shi. Dabarar sutura kuwa ita ce a jera ta hawa-hawa: riga mai manne wa jiki a ciki, ta ulu a tsakiya, sai jaket mai tare iska a waje. Takalmi ya zama mai ɗan sarari yadda zai ɗauki safa mai kauri, don idan ya matse ƙafa, yatsu ne za su fara mutuwa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kekuna. Ana share hanyoyinsu da sassafe, sai ka ga yaran firamare suna tuƙa keke zuwa makaranta a kan dusar ƙanƙara kamar ba komai. Ba a rufe makaranta a Finlan don dusar ƙanƙara ta zubo.

Duhun ne ya fi ƙarfina. A wajen 21 ga Disamba rana takan fito a Oulu kusan ƙarfe 10:30 na safe, ta ɗan leƙo a gefen sama ta kudu, zuwa ƙarfe 2 na rana ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba duk sukan shigo cikin awa biyu, idan kana da lacca a tsakani sai ka yi lissafi sosai. Ga mai ramuwar azumi dai kakarsa ta yanke saƙa. Amma jiki yakan rikice: ƙarfe huɗu na yamma ka ji barci yana fizgarka, tsakar dare kuma ido biyu. Mutanen garin suna shan bitamin D, suna rataya wani ɗan abu mai walƙiya a jikin jaket don direbobi su hango su, kuma duk mai dama yakan fita ya taka a ɗan hasken tsakar rana.

Zangon farko yana ƙarewa kafin Kirsimeti, na biyu ya fara a farkon Janairu. Da aka gama jarrabawa, gidan kwanan ɗalibai ya watse. 'Yan ƙasa suka tafi wurin iyayensu, 'yan Jamus da Faransa da Sifen suka hau jirgi, waɗanda suka zo zango ɗaya suka tafi ke nan ba dawowa. Wuraren cin abinci na ɗalibai suka rufe, ɗakin karatu ya rage lokacin buɗewa. Mu da gida ya yi mana nisa, kuɗin jirgi kuma ya fi ƙarfin aljihu, muka saura muna jin ƙarar takunmu a baranda.

Wata dattijuwa da aka haɗa ni da iyalinta ta hanyar shirin sada ɗalibai baƙi da mutanen gari ce ta gayyace ni ranar 24 ga Disamba. A Finlan jajiberin ne babbar ranar. Da tsakar rana aka kunna talabijin don kallon shelar zaman lafiyar Kirsimeti da ake karantawa a birnin Turku, al'adar da ta faro tun ɗaruruwan shekaru. Daga nan kantuna suka rufe, motocin haya suka janye. Da yamma suka tafi maƙabarta kunna kyandir a kan kaburburan 'yan uwansu, na raka su na tsaya daga gefe. Ita ce ta ce mini kada in zauna a ɗaki har Janairu, in hau jirgin ƙasa in ga arewa, tunda ga ta nan kusa.

Bayan bikin muka kama hanya ni da wani abokin karatuna. Jirgin ƙasa daga Oulu zuwa Kemi tafiyar kusan awa ɗaya ce, yana bin gefen tekun Botniya. Da katin ɗalibi ana samun ragi a kuɗin tikiti, amma a wannan mako kujeru sukan yi wuya, don haka mun saya da wuri. Ta taga ba abin da kake gani sai dogayen itatuwa sun sunkuya da nauyin dusar ƙanƙara, can ba ka rasa gidan katako ja da fitila a tagarsa. Tekun nan yakan daskare duk hunturu saboda gishirinsa kaɗan ne, manyan koguna suna zuba masa ruwan daɗi, sai jiragen fasa ƙanƙara ke buɗe hanya zuwa tashoshin Oulu da Kemi. A Kemi akwai wani tsohon jirgi irin wannan mai suna Sampo da yanzu yake ɗaukar 'yan yawon buɗe ido. Da muka ji farashin, muka gode, muka wuce.

Daga Kemi bas muka shiga zuwa Tornio, garin da ke bakin iyaka da Suwidin. Kogin Tornio ne iyakar, tun 1809 lokacin da Suwidin ta rasa Finlan ga Rasha. A tsallake garin Haparanda yake, kuma garuruwan biyu sun zama kamar gari ɗaya, mutane suna tsallakawa sayayya da aiki ba mai tambayarsu. Duk da haka mun riƙe fasfo da katin izinin zama a aljihu, domin ɗalibi baƙo ba ya sakaci da takardunsa. Ana kashe Yuro a wannan gefe, Krona a wancan. Agogon Suwidin kuma yana bayan na Finlan da awa ɗaya, shi ya sa ake shiga sabuwar shekara sau biyu a wurin. Mun tsaya cikin taron jama'a aka yi wasan wuta da ƙarfe 12 na Finlan, muka shiga wani wuri muka sha shayi har yatsunmu suka dawo, sannan muka fito aka maimaita da ƙarfe 12 na Suwidin. A duk tafiyar, wannan daren ne na fi jin cewa hutu nake yi.

Daga Tornio muka wuce Rovaniemi, babban birnin yankin Laflan, wanda yake inda kogin Ounasjoki ya haɗu da Kemijoki. A nan ranar ta ƙara gajarcewa, ba ta kai awa uku ba. Baƙo zai lura garin ba shi da tsofaffin gine-gine, kuma da dalili: sojojin Jamus sun ƙone mafi yawansa a watan Oktoba na 1944 yayin da suke janyewa. Shahararren mai zanen gine-ginen nan Alvar Aalto ne ya tsara sake gina shi, aka shimfiɗa manyan titunan a kan siffar kan barewar ƙasashen ƙanƙara (reindeer) da ƙahonninta. Gidan tarihi na Arktikum, wanda aka buɗe a 1992, ya cinye mana yini guda, kuma ban yi da-na-sani ba. A can na ga tufafin al'ummar Sami, 'yan asalin yankin, da kayan kiwon barewarsu, da bayanin yadda ɗumamar yanayi ke sa ruwan sama ya zubo a tsakiyar hunturu ya daskare a kan ƙasa, barewa ta kasa tono abincinta daga ƙarƙashi.

Kimanin kilomita 8 daga tsakiyar gari akwai ƙauyen Santa Claus, inda aka ja layi a ƙasa don nuna da'irar Aktik, wato layin da daga shi zuwa arewa akan sami ranar da rana ba ta faɗuwa sam a tsakiyar shekara. Mun je, mun tsallaka layin, mun ɗauki hoto. A ganina kasuwa ce aka yi wa ado da fitilu, kuma layin mutane ya fi na da'irar tsawo. Hasken arewa, wanda ke faruwa idan ɓurɓushin da rana ke fesowa ya yi karo da iskar sararin sama, shi ne abin da abokina ya zo nema. Gajimare ya rufe sama duk kwanakin da muka yi. Sai bayan mun koma Oulu, wani dare da sanyi ya tsananta sama ta yi garau, muka gan shi kore a saman filin ajiye motocin gidan kwananmu, ba ko sisi.

Ranar 6 ga Janairu ma hutu ce a ƙasar, bayanta komai ya koma daidai. Sababbin ɗaliban musaya suka iso da jajayen hanci da takalman da ba za su kai su ko'ina ba, muka zama mu ne masu nuna musu kantin kayan gwanjo. Sanyin ya fi tsanani a Janairu da Fabrairu, amma rana tana ƙaruwa da 'yan mintuna kullum, har kana iya lura daga mako zuwa mako.

Akwai kuma hutun hunturu na mako guda da makarantun firamare da sakandare suke yi, wanda aka raba shi kashi uku don kada kowa ya taru a wuraren wasan zamiya lokaci ɗaya. Helsinki da kudanci suna tafiya a mako na 8 na shekara, tsakiyar ƙasa a na 9, Oulu da Laflan a na 10, wato farkon Maris. Jami'o'i kowace da nata tsarin, kuma ni a makon nan ina da jarrabawa. Jikokin dattijuwar nan suka tafi kan duwatsu da sandunan zamiyarsu, ni kuwa na yi makon a ɗakin karatu, a kujerar da ke kusa da taga ta kudu.