Karatun gida a Amurka: takarda ta fi karatun yawa

Assalamu alaikum, mutanen Bauchi. Ina gaishe da kowa da kowa, da fatan hunturu ya zo da sauƙi. Nawa kada ma ku tambaya, jiya da shebur na tono mota daga cikin ƙanƙara.

Tun da na faɗa wa Yaya cewa na cire autata daga makaranta ina koyar da ita a gida, waya ba ta huta ba. Wata ta ce na ji daɗi, babu sammakon kai yara. Wani ya ce ai a Amurka kowa abin da ya ga dama yake yi da ɗansa. Bari in amsa muku gaba ɗaya, in ɗan taɓa maganar haya da abinci da kuke ta tambaya.

A jihar New York inda muke, yaro daga shekara 6 zuwa 16 dole ya yi karatu. Ba lalle sai a aji ba, amma sai ka nuna shaida. Kafin 1 ga Yuli za ka rubuta wa shugaban ilimi na gundumarku cewa ɗanka a gida zai yi karatu. Su aiko maka da fom, ka zayyana shekarar kaf: littattafan da za a bi, wanda zai koyar, ranakun da za ka kawo rahoto. Rahoton sau huɗu ne a shekara. 'Yan aji ɗaya zuwa shida awa 900, na sama da su 990. Darussan ma an jera maka: lissafi, karatu, rubutu, tarihin Amurka, kimiyya, kiwon lafiya, har da zane, kiɗa, motsa jiki da yadda ake kauce wa gobara.

Daren da zan haɗa rahoton farko, ƙarfe ɗaya ta same ni a teburin kicin, shayi ya huce, ina danna kalkuleta kamar mai shagon da ciniki ya ƙi daidaita. Makon da yarinyar ta yi mura ban rubuta komai ba, na dawo ina bin shafukan littafinta ina neman kwanan wata. Ga sharaɗi: in abin da aka koyar bai kai kashi 80 cikin 100 na abin da ka tsara ba, sai ka rubuta dalili. Ni da na yi zaton zama za mu yi kan tabarma mu sha karatu! Ƙarshen shekara kuma akwai awo. In jarrabawa ce, ana son yaro ya wuce kashi 33 cikin 100 na tsararrakinsa, ko a ga ya ƙaru da karatun shekara guda, in ba haka ba a sa muku ido.

Ba ko'ina haka yake ba. A Texas ko sanarwa ba a nema daga wanda bai taɓa sa ɗansa makaranta ba, a Jamus kuwa karatun gida haramun ne a doka.

Na yi mita, amma wannan daren sai na tuna makarantar allonmu ta Jahun. Wa ya isa ya wanke allo bai biya wa malam ba? Kowace uwa ta san ɗanta ya kai Sabbi ko izu nawa ya haɗa. Amma malamin lesin ya zo bayan la'asar, ya tafi kafin magariba, ƙarshen wata a miƙa masa kuɗi, ba wanda ya ce, “Malam, a wane shafi kuke?” Dokar ilimin bai ɗaya ta Najeriya ta 2004 ta ɗora wa iyaye karatun shekara tara, sai dai ba mai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Da ni ce a Bauchi yanzu, ɗan littafi zan saya a kasuwar Wunti, malam ya riƙa rubuta abin da aka yi kullum, ran Juma'a in zaunar da yaro ya karanta min da bakinsa.

Haya kuwa, tana cinye albashi, mu bar ta haka. Abinci sai wata wasiƙar, rahoto na biyu yana jirana. Yaya, in an sami mai tahowa, a sako min kuka da yajin daddawa, wanda Inna ta daka.