Wasiƙa daga Stuttgart: Motocin da tsada ta hana su hawa titi

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Ina fatan kuna lafiya, da iyali da harkoki. Mu ma nan Jamus sai godiyar Allah. Wasu daga cikinku, musamman abokan sana'ata kanikawa, sun sha tambayata ko da gaske ne abin da suke gani a waya, wai a Turai tsohuwar mota ta fi sabuwa tsada. Gaskiya ne, amma ba kowace tsohuwa ba. Maganar motocin gudu ake yi, irin waɗanda aka ƙera don tsere ko don daɗin tuƙi kawai. Abin da ke faruwa da su ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa na zauna in rubuto muku.

A watan Mayu na 2022, a nan garin da nake zaune, kamfanin Mercedes ya gayyaci wasu attajirai ƙalilan zuwa gidan tarihinsa, aka yi gwanjon mota ɗaya tak, 300 SLR mai rufi ƙirar 1955. An saye ta yuro miliyan 135. Guda biyu kacal masu rufi aka taɓa ƙerawa, ana kuma kiransu da sunan injiniyan da ya tsara su, Rudolf Uhlenhaut. Mutumin nan da ɗaya daga cikinsu yake zirga-zirgarsa ta aiki. Motar da gudunta ke kusantar kilomita 300 a awa, yana hawanta a titi kamar yadda kowa ke hawan tasa. Haka ma Ferrari 250 GTO, wadda aka yi guda 36 tsakanin 1962 da 1964, an ƙera ta ne don a ci tsere da ita, a buge ta a gyara. A 2018 an sayar da ɗaya a Monterey ta jihar Kalifoniya a kan dala miliyan 48.4.

Waɗannan dai na manya ne, ban taɓa sa ran taɓa sitiyarinsu ba. Damuwata tana kan motocin da a da malamin makaranta ko bakanike kan iya tara kuɗi ya mallaka. Ɗauki Porsche 911, wadda ake ƙerawa a unguwar Zuffenhausen, nan kusa da mu. Tun daga 1964 har zuwa 1998 injinta ba ya amfani da lagireto, iska ce ke sanyaya shi da taimakon baƙin mai. Shekaru ashirin da suka wuce tsohuwar irin wannan mota gwanjo ce kawai a idon mutane, mai albashi na iya saye. Yau farashin da yawa daga cikinsu ya ninka, wasu sau uku ko fiye. Kun san Marsandi 190 da ta cika titunanmu a da? Akwai 'yar gidansu da aka fitar a 1990, 190E 2.5-16 Evolution II, guda 502 aka yi, yanzu ana maganar ɗaruruwan dubban yuro a kanta. Amma kar wani dillali ya ruɗe ku, 190 ta gama-gari ba ta cikin wannan lissafi.

Me ya kawo haka? Bayan rikicin tattalin arziki na 2008, bankunan Turai da Amurka sun sauke kuɗin ruwa har ya kusa zama babu. Mai kuɗi ya ga ajiya a banki ba ta haihuwa, sai ya bazama neman abin da zai zuba dukiyarsa a ciki: gidaje, zane-zane, agoguna, motoci. A Birtaniya ma doka tana kallon mota a matsayin kayan da ke ƙarewa, don haka wanda ya sayar da motar hawansa da riba ba ya biyan harajin ribar da mai hannun jari ke biya. Sannan yaran da suka liƙa hotunan motocin nan a bangon ɗakinsu a shekarun 1980 da 1990 sun girma, sun yi kuɗi, kowa na neman abin da ya yi mafarki da shi. Sababbin motoci kuwa sun yi nauyi, kwamfuta ce ke yi maka rabin tuƙin, giyar hannu tana ɓacewa, har Ferrari ta daina yin ta. Da gwanjo ya koma intanet, mutumin Tokyo da na Dubai suka fara tayawa a kan mota ɗaya a lokaci guda, abin ya ƙara tashi.

Akwai kuma dokar Amurka da ta hana shigo da motar da ba a ƙera ta bisa ƙa'idarsu ba sai ta cika shekara 25. Nissan Skyline GT-R samfurin R34 ta fara fitowa a 1999, ke nan sai 2024 ƙofa ta buɗe mata. Tun kafin lokacin 'yan kasuwa suka dinga saye suna jibgewa a ɗakunan ajiya a Japan suna ƙirga watanni. Motar da matasa ke tsere da ita ta koma hajar da ake jira ta nuna.

To ga inda gizo ke saƙar. A wannan kasuwa, abin da mai saye ke fara dubawa shi ne agogon kilomita. Iya ƙarancin tafiyar da mota ta yi, iya tsadarta. A 2021, a gwanjon Pebble Beach ta Kalifoniya, an sayar da McLaren F1 wadda duk tsawon rayuwarta ba ta yi tafiyar kilomita 400 ba, a kan sama da dala miliyan 20. Guda 106 aka yi na irinta a shekarun 1990, kujerar direba a tsakiya take, kuma a zamaninta babu motar titi da ta kamo ƙafarta a gudu. Wannan ta shafe fiye da shekara ashirin da biyar ba ta yi tafiyar da ta kai daga Kano zuwa Abuja ba. Da zarar mutum ya san kowace kilomita tana rage masa dukiya, ya daina zama direba, ya koma mai gadi.

Ni kuma ina ganin sakamakon da idona a garejin da nake aiki. Kwanaki aka kawo mana wata 911 ta ƙarshen masu sanyaya inji da iska, a bayan babbar mota, an lulluɓe ta da mayafi. Fenti kamar jiya aka fesa, kujerun fata ko lanƙwasa babu. Da muka ɗaga ta sama muka shiga ƙarƙashi, sai ga baƙin mai yana tsattsafowa ta kowace gaɓa, domin robobin da ke toshe mai sun bushe sun tsage. Tayoyin ba su ci ko kaɗan ba, amma lambar da ke gefensu ta nuna sun haura shekara goma sha biyar, sun yi tauri, kuma wurin da suka daɗe a dafe da ƙasa ya baje. Man burki ya sha ruwa, fistin ɗin burki na baya sun cije. Fetur ɗin da ke tanki ya tsufa, warinsa ya koma na fenti, ya toshe famfon mai. Maigidan yana tsaye yana kallo, abin da ya fi nanatawa shi ne kar mu yi nisa da ita wajen gwaji. Na tausaya masa, domin na ga alamar yana son motar, tsoro ne ya shiga tsakaninsu.

A satin kuma wani dattijo ya zo da tasa, ƙirar shekarun 1980, agogonta ya wuce kilomita dubu ɗari uku. Gabanta duk tabon tsakuwa, fatar sitiyari ta goge daidai inda hannunsa ke zama. Murɗa makulli ɗaya ta tashi, injin yana kaɗawa sumul. Canjin baƙin mai da saitin bawul kawai ya kawo shi. Ya gaya mini duk shekara da zarar gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara ya wanke, sai ya ɗauki matarsa su bi hanyar tsaunukan Baƙin Daji, daga Baden-Baden zuwa Freudenstadt. A kasuwa motarsa ba za ta yi rabin kuɗin waccan ba. Amma da za a ce in ɗauki ɗaya in tafi Italiya gobe da asuba, tasa zan ɗauka ba tare da na yi shawara da kowa ba.

Duk wanda ya taɓa kiwon doki ya san wannan magana. Ingarman da aka ɗaure a turke shekara guda ana ba shi dawa da harawa, ba a kilisa da shi, zai yi ƙiba ya yi sheƙi, amma ranar hawan Sallah ƙafafunsa ba za su ɗauke shi ba. Inji ma yana son ya yi zafi, mai ya zaga ya jiƙa robobi, burki ya kama ya saki. Wasu abubuwan kuma lokaci ne ke cin su ko an hau ko ba a hau ba. Ferrari F355, alal misali, duk bayan 'yan shekaru sai an sauke injin gaba ɗaya an canja bel, ko da motar ba ta fita daga gareji ba.

Ba zan zalunci masu tarawa ba, akwai alherin da suka jawo. Da farashi bai tashi ba, da motoci da yawa sun tafi wurin 'yan gwangwan, domin babu mai kashe yuro dubu hamsin a gyaran motar da ba ta kai dubu goma ba. Saboda su ne Porsche da Mercedes suka ci gaba da ƙera kayan gyaran tsofaffin samfura, saboda su ne irina ke samun aiki. Motar da biyu ce kacal a duniya kuwa, na yarda a killace ta. Amma Porsche 911 ba biyu ba ce, an yi dubban ɗaruruwa. Ɓoye irin wannan ba adana tarihi ba ne, jiran riba ne.

Ribar ma ba tabbas gare ta ba. Bayan rasuwar Enzo Ferrari a watan Agusta na 1988, mutane suka yi rububin motocinsa, har da masu cin bashin banki, samfurin Ferrari F40 ta dinga canja hannu a kan ninkin farashin kamfani. Farkon shekarun 1990 kasuwar ta rushe, da yawa suka faɗi da fiye da rabi, wasu suka shafe shekaru ba su farfaɗo ba. Daga 2022 da kuɗin ruwa ya sake hawa, kasuwar ta ɗan yi sanyi. Wanda ya sayi mota don ya tuƙa, ko farashi ya faɗi ya ci moriyarsa. Wanda ya saya don ya ɓoye fa, me ya rage masa? Kuɗin inshora da hayar wurin ajiya.

Shi ya sa nake ganin girman mutane irin Rowan Atkinson, ɗan wasan barkwancin nan da kuka sani da Mista Bin. Ya sayi McLaren F1 a 1997, ya yi tafiyar kimanin mil 41,000 da ita, ya yi haɗari sau biyu. Gyaran na biyun, na 2011, ya ci wa kamfanin inshora fam 910,000. Duk da haka a 2015 ya sayar da ita a kan kusan fam miliyan 8. Haka Nick Mason, wani makaɗi ɗan Ingila, ya sayi 250 GTO a 1977 da kuɗin da bai kai fam 40,000 ba, kuma bai kulle ta ba, an sha ganinta a filin tsere. A Goodwood ta kudancin Ingila, tun 1998 ake taron shekara-shekara inda motocin miliyoyi ke tsere na gaske, suna gogar juna a kwana, ana kai su gyara a dawo da su baɗi. Shi kansa gidan tarihin Porsche yana kula da motocinsa ne yadda za su tashi, yana tura su taruka a ƙasashe daban-daban su yi gudu a gaban jama'a.

Hukumar Jamus ma ta sauƙaƙa wa mai son hawa. Tun 1997, motar da ta cika shekara 30 kuma tana nan a kan asalinta tana iya samun lamba mai harafin H a ƙarshe. Harajinta na shekara bai kai yuro 200 ba, kuma an yarda ta shiga tsakiyar biranen da aka hana motoci masu hayaƙi. An yi haka ne don a riƙa ganinsu a titi. Sai ga shi waɗanda suka fi cancanta a gani su ne ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, a ɗakunan da na'ura ke daidaita musu zafi da danshi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yara masu tasowa. Yaron da ke koyon aiki a wurinmu ya san lambar kowane inji da ka, yana iya gaya maka shekarar mota daga fitilarta, amma albashinsa ba zai taɓa kai shi ga mallakar ɗaya ba. Tsofaffin kanikawan da ke saita kafireto da kunne suna yin ritaya ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan ilimi ba ya shiga hannu sai an yi ta kwancewa ana ɗaurawa. Motar da ba ta fita ba ta zuwa gareji sai ta lalace gaba ɗaya, yaro kuma ba ya samun abin koyo.

A nan ne nake da roƙo gare ku, iyayen gidana da abokaina kanikawa na gida. Ku da kuka yi shekaru kuna tayar da Fijo 504 ta Kaduna da tsofaffin Marsandi, kuna gane ciwon inji daga ƙararsa, aikin da ke hannunku a nan ana nemansa ruwa a jallo, ana kuma biyansa da tsada. Yaran da ke gabanku kar ku bar su a kan na'urar gwajin kwamfuta kaɗai. Ku sa su kwance kafireto su wanke su mayar, ku nuna musu saitin bawul da na wuta, ku bar su su ɓata su gyara a gabanku.

Ku gaishe mini da kowa da kowa. Allah Ya sa mu gana da alheri.

Naku,
Ɗan'uwanku bakanike a Stuttgart