Littafin aljihu a kan duwatsun Shere

Ƙarshen damina, wajen watan Satumba, malaminmu na ilimin dabbobi ya fi son fitar da ɗalibai zuwa duwatsun da ke gabashin Jos. Ciyawa ta kai ƙirji, duwatsu na santsi, hadari kuma ba ya sallama da la'asar, don haka sai an yi sammako. Muka faro daga gefen dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take tun 2001, muka nufi tsaunukan Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800.

Tun a gindin dutse Malam ya shimfiɗa doka: kowa ya rubuta lokaci, da wuri, da abin da idonsa ya gani ko kunnensa ya ji. Suna kuwa sai daga baya. Idan tsuntsu ja ne mai baki ruwan toka-toka, haka za ka rubuta, ba sunan da kake fatan ya zama nasa ba.

Dalilin dokar a nan wajen yake zaune. Cikin waɗannan duwatsu akwai wata 'yar tsuntsuwa, 'yar'uwar baiwar Allah da muke gani a tsakar gida, sai dai ita ta dutse ce, namijin da jan baya. Masana ba su tantance ta a matsayin jinsi mai zaman kansa ba sai a 1998, lokacin da Robert Payne ya yi bayaninta. Ba ɓuya ta yi ba. Mutane sun daɗe suna ganinta, suna laƙaba mata sunan wata da suka riga suka sani. Akwai kuma wani ɗan baƙin tsuntsu a yankin da ba ya saƙa sheƙa. Macen takan ajiye ƙwanta a sheƙar wannan baiwar Allah, a rainar mata ɗa tare da 'ya'yan gida, har zanen cikin bakin ɗan tsakon yana kama da nasu. In namijin ya girma, kukan waɗanda suka raine shi yake kwaikwayo. Kenan za ka iya jin kukan baiwar Allah daga saman bishiya, ka ɗaga madubin hange ka tarar da baƙin tsuntsu ne. Ɗalibin da ya rubuta suna daga jin kuka kawai ya saka ƙarya a takarda bai sani ba, wanda zai karanta bayan shekara goma kuma ba shi da hanyar ganewa.

Tafiyar kanta ba ta sauri ba ce. A tsaya a wuri guda na 'yan mintuna, a yi tsit, a rubuta, a ƙara gaba. Samarin cikinmu da suka zo da niyyar riga kowa kaiwa sama sun sha haushi, kuma littattafansu ne suka fi zama fayau.

Mai yi mana jagora wani dattijo ne ɗan yankin. Da hantsi ya tsayar da mu gaban wani falalen dutse mai farin zane kamar an kwarara farar ƙasa.

“'Ya'yana, ku zauna nan, ku bar motsi. Masu gidan suna ciki.”

Fitsarin rema ne ya bushe a kan dutsen, domin wuri ɗaya suke zuwa yin bahaya shekara da shekaru. Ba a jima ba suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, suka baje suna shan rana, saboda jikinsu ba ya riƙe ɗumi sosai. Guda ɗaya ta tsaya daga sama tana gadi. Na san daga aji cewa giwa tana cikin dangin rema mafi kusa, abin da har yau nake jinsa wani iri, amma babu littafin da ya gaya mini inda zan zauna in jira ta. Baba ne ya san wannan. Malam ya sa muka rubuta bayaninsa a shafi daban, da alamar cewa daga bakinsa muka ji, ba mu muka gani ba.

Birai mun hange su daga nesa suna tsallake kwazazzabo, ba su ba mu damar ƙirgawa ba, sai muka rubuta “garke, ba a san adadi ba”.

Abin da ya fi yi mini wuyar karɓa shi ne tashar da ba a ga komai ba. Mun kai wani tudu da rana tsaka, muka cika lokacinmu, ko ƙadangare bai gifta ba. Wata 'yar ajinmu ta ce, “Malam, mu tsallake wannan shafin?” Ya ce a'a, ta rubuta sifili, da lokaci, da yanayin iska. In kowa ya riƙa kawo rahoton wuraren da ya yi sa'a kaɗai, lissafi zai nuna daji cike da dabbobi ko da suna ƙarewa. A wannan lokacin ne ma ƙananan tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai suke fara sauka a tudun Jos, kuma ba za a san ranar isowarsu ba sai da shafukan ranakun da aka duba ba a same su ba.

Ba mu kai ƙololuwa ba. Hadari ya taso daga gabas, Baba ya ce dutse jiƙaƙƙe ya fi wuyar sauka a kan hawa, muka juyo. Da daddare muka kwafe bayanan cikin kwamfuta kafin mu manta ma'anar gajerun alamomin da muka yi, kuma a jerin sunayen tsuntsaye na bar layuka da dama da alamar tambaya. Haka na miƙa wa Malam, haka ya karɓa.