Titin da na ɗaga da zauren da ya zauna

A Daura na yi aikina na farko bayan na gama karatun injiniya, lokacin da garin ke cika da ayyuka. Wanda ya san Daura kafin 2015 ya san gari ne mai kwanciyar hankali. Da ɗan garin, Muhammadu Buhari, ya hau mulki, sai abubuwa suka riƙa sauka kamar ruwan Agusta. A 2019 aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, a ƙarshen shekarar aka aza harsashin Jami'ar Sufuri, a 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Fili ya yi tsada. Duk mai gida a bakin hanya ya fara lissafin shaguna nawa katangarsa za ta haifa.

Nawa rabon ƙarami ne: titi ɗaya da kwata a wata unguwa cikin tsohon gari. An ja mana kunne kada mu taɓa kayan tarihi. A kaina kuwa kayan tarihi su ne fadar Sarki da Rijiyar Kusugu, inda aka ce Bayajidda ya kashe macijin da ke hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ban je kusa da su ba. Har ma na karkatar da layin titin don wani tsohon zaure mai zankwaye ya tsira, na riƙa jin kaina kamar na yi wa garin wata babbar alfarma.

Akwai wani dattijo magini da ke zama a gindin zauren kullum da hantsi. Wata rana ina tsaye da na'urar awo, sai ya kira ni.

“Injiniya, titin nan naka zai fi dokin ƙofar nan tudu?”

Na ce, “Da kamar taƙi biyu, Baba.”

“To ruwan indararo ina zai bi?”

“Ai ga kwata nan muna yi.”

“Ita kwatar ina za ta kai shi?”

Na nuna masa takarda. Bai ko kalle ta ba, ya nuna mini bayan unguwa da haɓa, inda aka cike kududdufi da ɓaraguzai ana yanka filayen shaguna. Ya ce, “Allah ya ba da sa'a, ɗana.” Na ɗauka addu'a ce.

A makaranta ba wanda ya taɓa gaya mini mene ne kududdufi, ban da cewa matattarar sauro ce da shara. Kuma gaskiya ne, ni ma na sha toshe hanci a bakinsa. Amma daga cikinsa aka haƙo ƙasar da aka yi tubalin gidajen unguwar, kuma da damina shi ke karɓe ruwan da ya sauko daga soraye. Lungunan da nake gani a karkace duk gangarensu can ya nufa. Mun toshe bakin tulun, mun kuma ɗaga titi sama da gidaje. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, kwatata ta cika ta tumbatsa, ruwa ya kwanta a gindin zauren kwana biyu.

Kuskure na biyu ya fi yi mini ciwo, don da bakina na yi shi. Mai gidan ya ga gindin bango yana zubewa, ya nemi shawarata, na ce ya yi masa filasta da siminti. Ya sayar da tumaki biyu ya yi. Bangon ƙasa yana shan danshi, yana kuma fitar da shi idan iska da rana sun same shi. Siminti ya rufe masa hanyar fitarwa, ruwan da yake sha ta ƙasa ya rasa mafita. Bayan damina ta biyu Baba ya kama hannuna ya kai ni jikin bangon, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Sai ka ce ya buga ƙwarya. Ya sa bakin sanda ya ɗan ɓamɓara, faifan siminti ya faɗo gaba ɗaya, tubalin da ke baya ya yi laushi kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Bakin azara ya ruɓe, gara ta shige shi. Kafin kaka rufin ya zauna. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki.

Daga nan na fara zama wurin Baba da yamma. Shi ya koya mini makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa a shafe bango da ita ruwa ya riƙa zamewa, da laso, wani yaɓe mai hana ruwa shiga wanda ake haɗawa da katsi, wato abin da ke kwanta a ƙasan rijiyar marina. Ya ce gidan ƙasa kamar doki yake, wanda ba zai iya ɗawainiyarsa ba kada ya ɗaure shi: kowace shekara sai an duba indararo, an toshe tsaga, an sake yaɓe. Yanzu marina sun ragu, katsi ya yi wuya. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. 'Ya'yansa kuwa ɗaya bulo yake ɗorawa, ɗaya yana haya da babur. Ba wanda ya gaji cebur ɗinsa.

Ba na ganin laifin yaran, ko na mai son shago. Matar da naƙuda ta kama da tsakar dare tana bukatar mota ta shigo har ƙofar gida, kuma wanda ya gaji da yaɓe duk shekara yana da hujjar sa kwano. Na lura ma yawancin masu kukan a bar gidajen ƙasa yadda suke, a gidan siminti suke kwana da fanka a kansu. Mutanen unguwar sun cancanci titi. Irin wanda na yi musu ne bai dace da gidajensu ba.

Lokacin da wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu tun shekarun 1830, ya rufto wa masallata ranar 11 ga Agusta 2023, da kuma lokacin da tsohon masallacin Damagaram ya faɗi bayan ruwa mai yawa a Satumba 2024, zauren nan na fara tunawa. Ga hasumiyar masallacin Agadas, ta ƙasa ce zalla, tsawonta mita 27, tana tsaye. Itatuwan da suka fito a jikinta su magina ke takawa idan za a sake yaɓe. Tun 2013 tsohon garin ke cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, amma tun kafin takardar akwai masu hawa suna gyarawa.

Yanzu duk aikin da aka ba ni a tsohuwar unguwa, daga dokin ƙofar gidan da ya fi kowane kwari nake fara awo. Na fi son a haƙe ƙasa a sauke titi da a yi ciko a ɗaga shi, ko da yake kuɗin kwasar ƙasa na sa 'yan kwangila su haɗe rai. Kafin in buɗe takarda nakan nemi tsohon magini ko mai unguwa in tambaye shi inda ruwa ke bi tun yana yaro. A wani gari da na yi aiki bara, na yi ta gardama a bar kududdufi, ban ci nasara ba. Abin da na samu shi ne aka bar rabinsa, aka zagaye shi da katanga.

Na koma unguwar nan ta Daura da Sallar bana. Inda zauren yake yanzu shaguna uku ne, ɗaya ana cajin waya, kuma an yi musu matakala biyu don kada ruwa ya shiga. Baba na zaune a benci a gaban na tsakiya. Na durƙusa na gaishe shi, ya dube ni ya ce, “Injiniya, titinka dai yana nan lafiya.”