Ashe ba rainin hankali ba ne

Har yau idan na tuna bulalar da 'yata ta sha a kan lalurar da ba ita ta ɗora wa kanta ba, sai raina ya ɓaci. Shekararta 7, tana aji biyu a wata firamaren kuɗi a nan Katsina. Ƙorafin malamarsu kullum ɗaya ne: ana darasi sai ta yi zuru, a kira sunanta ta ƙi amsawa, rubutu ta bar shi rabi. Malama ta ce rainin hankali ne. Kakarta ta ce iskoki ne, aka yi ruƙiya, aka sha rubutu. Ƙanwata, sarkin yawo a intanet, ta ce ADHD ce, wato lalurar rashin natsuwa da kasa tattara hankali. Makaranta kuma ta yanke sai ta maimaita aji, muka sake zuba kuɗin shekara cur.

Maimaita ajin ne ya sa Babanta ya yarda muka je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, shi ma da ƙyar, wai kada a gan mu a layin.

Likitar ba ta fara da yarinya ba, ni ta titsiye: yadda goyon cikin ya kasance, haihuwa, yaushe ta fara tafiya da magana, barcinta, ko ta taɓa sanƙarau. Ta ba ni takardar SDQ ta auna halayyar yaro, mai tambayoyi 25, ɗaya in cike, ɗaya malama ta cike. Ta ce ba a cewa yaro na da ADHD sai halin ya kai wata 6, ya fara kafin shekara 12, kuma ana ganinsa gida da makaranta duka. Aka duba ji da gani, lafiya lau.

Sai ta ce, "Maman yarinya, in ta yi shirun nan, ko an dafa ta ba ta juyowa?" Na ce ba ta juyowa. Ta yago takarda ta riƙe a gaban bakin yarinyar, ta ce ta yi ta hurawa da ƙarfi kamar mai hura gawayi. Can hurawar ta tsaya cak, ido ya kafe, fatar idon na ɗan rawa. Likita ta ce da ƙarfi, "Ayaba!" Bayan kamar daƙiƙa 10 yarinya ta ci gaba da hurawa abinta. Aka tambaye ta me aka ce, ta ce ba a ce komai ba.

Farfaɗiya ce. Ni farfaɗiyar da na sani ita ce ta faɗuwa da kumfar baki, ashe akwai wadda hankali kawai ke ɗaukewa ya dawo. Ta fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 10, musamman mata, tana iya zuwa sau gommai a yini, kuma yawancinsu suna rabuwa da ita wajen balaga. Gwajin EEG, wanda ake manna wayoyi a kai, ya tabbatar. Wato duk kiran da malama ke yi tana zabga mata bulala, yarinyar ba ta ma ji ba!

Magani ya tsayar da ɗaukewar ba da daɗewa ba, an dai gargaɗe ni kada in yanke shi da kaina. Abin da bulala ta bari shi ya ba mu wuya. Da an ɗauko kayan makaranta sai ciwon ciki, ga fitsarin kwance ya dawo. Nan aka haɗa mu da masaniyar halayyar yara. Zane suke yi tare, yarinya ta zana malama da hannu ya fi jikinta girma. Aka tsara mana komawa a hankali: yau bakin ƙofar makaranta, gobe awa ɗaya a aji, duk safiyar da ta shirya ba kuka a manna mata tauraro a kwali, a yaba mata nan take. Ni ma an ce in daina "ke wace irin yarinya ce".

In ɗanki na irin wannan zurun, ki ɗauke shi bidiyo da waya kina kiran sunansa, ki dafa shi, ki tafi da bidiyon da littattafansa wajen likita kafin ki yarda da maimaita aji.

Takardar malama kuwa sai da na yi ta sintiri kafin a cike ta. Da na kai musu sakamakon, shugabar makarantar cewa ta yi, "Ayya Hajiya, ai da kin gaya mana." Kuɗin shekarar ko sisi ba su mayar ba. Na kwashe 'yata na canza mata makaranta.