Gwajin tabarau daban, duba bayan ido daban

Ni tela ne a Kano, kuma na daɗe da ciwon suga. Kowace shekara ina zuwa abin da na ɗauka gwajin ido ne: a zaunar da kai gaban allon haruffa, a yi ta sauya gilashi ana tambayarka wanne ya fi, ka biya ka fito da sabon tabarau. Mai shagon ya san ina da suga, don mun sha hira a kai. Bai taɓa ce mini in je a leƙa bayan idon ba. Abin da ke ci mini rai ke nan har yau.

Likitar da ke duba ni kan sugan ce ta tono maganar. Ta ce, "Baba, yaushe rabonka da duba ido?" Na ce ai kwanan nan na canza tabarau. Ta ce, "An ɗiga maka magani ido ya buɗe, ko an ɗauki hoton cikinsa?" Na ce ko ɗaya. Nan take ta rubuta mini takarda zuwa ɓangaren ido.

Maganin yana ɗan yi wa ido zafi, sai ka jira minti 20 zuwa 30 baƙin tsakiyar idon ya faɗaɗa. Aka haska, aka ɗauki hoto, likitan ya juyo mini da kwamfuta. Wani da'ira ne ruwan lemo, jijiyoyi sun bazu a kai kamar saiwar bishiya. Ya sa bakin biro yana nuna mini ɗigo-ɗigon ja a idon hagu, da wasu 'yan tabo rawaya kusa da tsakiya. Ya ce jan jini ne, rawayan kuma maiƙon da ya tsiyayo daga jijiyoyin da suga ya raunana. Aka ƙara wani hoton da na'urar OCT, mai nuna kauri da kumburin bayan ido, ya nuna ruwa ya fara taruwa daidai wurin da mutum ke karatu da gane fuska da shi.

A ranar fa na karanta allon haruffan nan kusan har ƙasa, kuma da safe na zura zare a allura. Idon dama ne yake rufa wa na hagu asiri. Sannan retina, wato shimfiɗar da ke can ƙuryar ido tana karɓar haske, ba ta jin zafi, don haka jini na iya tsiyaya a cikinta kana ta ɗinkinka. Ciwon kan yi nisa kafin gani ya ragu, shi kuwa allon mai tabarau ganin kawai yake aunawa.

Yanzu allura ake yi mini a cikin ƙwayar idon. Jin labarinta ya fi ta tsoro, don ana kashe wurin da magani, amma kuɗinta ba wasa ba ne, kuma ba sau ɗaya ake yi ba. Likitan ya ce da an gani da wuri, mai yiwuwa daidaita suga da hawan jini da sa ido sun isa. Idan na lissafa tabarau nawa na saya a shekarun nan sai in ji kamar in koma shagon da hoton a hannu. Ban ce mai shagon ya cuce ni da gangan ba, sana'arsa gilashi ce. Amma magana ɗaya ce tak ta rage masa.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Wanda suga ya kama da girma, a duba masa bayan ido tun ranar da aka gano ciwon, sannan duk shekara. Wanda ya tashi da shi tun yarinta yana allurar insulin, a fara cikin shekara 5 da ganowa. Mace mai suga da ta samu juna biyu ta je tun farkon cikin, don ciki na iya tsananta abin. Masu sikila ma, musamman 'yan SC da ke ganin nasu mai sauƙi ne, idonsu ya fi na 'yan SS shiga hatsarin lalacewar jijiyoyin bayan ido. Wanda kuma ya fara ganin walƙiya, ko baƙaƙen abubuwa suna yawo kwatsam, ko duhu ya sauko ta gefe ɗaya, a ranar zai nemi likitan ido, ba kemis ba. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da ɓangaren.

Kada ka je a kan mashin. Maganin yana ɗaukar awa 4 zuwa 6 kafin ya sake ka, ranar tsaka kuwa sai ta zame maka azaba, ko lambar da ke wayarka ba za ka iya karantawa ba. Ka tafi da ɗan rakiya da baƙin gilashi, ka riƙe takardun gwajin suganka da sunayen magungunan da kake sha. Kuma kafin ka biya kuɗin kati, ka tambaya ƙarara: za a duba bayan ido, ko tabarau kawai za a gwada?