Yadda na fara bin sawun hannuna

Mai kitsona ce ta fara gani. Tana tsaga da tsinke ta tsaya ta ce, "Anti, wannan ba makero ba ne kuwa?" Fili ne sumul a bayan kunnena na dama, ya kai bakin kofin shayi. Na ce ban sani ba. Alhali ni nake tsige gashin sili-sili tun ina ƙaramar sakandare, ɗankwali da hijabi suna rufa min asiri.

A gida an ce shafar aljanu ce, an yi hayaƙi, an sha rubutu. Likitar ƙwaƙwalwa da na gani daga baya ta ce lalura ce sananniya, trichotillomania, wadda wani likitan fata Bafaranshe, Hallopeau, ya raɗa wa suna tun 1889, kuma galibi tana farawa tsakanin shekara 10 zuwa 13. Ba ta ce in daina ba. Cewa ta yi in sayi ƙaramin littafi, duk sanda na farga hannuna yana kaina in rubuta lokaci, wuri, abin da nake yi da abin da nake ji.

Da na ɗauka ɓacin rai ne ke sa ni. Littafin ya ƙaryata ni. Kusan duk layukan bayan Isha ne, ina kwance, waya a hannun hagu, na dama yana lalube. Kuma ba kowane gashi yatsun ke so ba, sai mai kauri, mai ɗan kaushi, su murza shi tukuna kafin su fizge. Wannan murzawar ita ce damata. Likitar ta koya min dabarar da wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Azrin da Nunn, suka fitar a 1973: da zarar hannu ya tashi, a dunƙule shi kamar minti ɗaya, ko a ba shi wani aiki. Nawa carbi na ba shi. Da dare kuma ina naɗa filasta a babban yatsa da manuniya, don idan yatsa bai ji gashin ba, sha'awar tana raguwa.

Ta hannun asibitin na haɗu da wasu mata masu irin matsalar, muka buɗe zaure a WhatsApp. Ɗaya gira take tsigewa ta cike da jagira. Wata haɗiye gashin take yi, mu muka matsa mata ta gaya wa likita, don yana iya dunƙulewa a ciki har sai an yi tiyata. Mun hana ƙirga kwanakin da mutum ya yi bai tsiga ba, saboda duk wadda lissafinta ya rushe kunya ke sa ta ɓace. Abin da muke tambaya shi ne, "A ina kike, me kike yi lokacin?"

Har yanzu ina tsiga, musamman idan aiki ya taru. Amma filin ya fara tsiro, kuma wayata yanzu a falo take kwana.